Alpha Phi Alpha da reshenta na Howard: zumunci ne ko ƙungiyar asiri?

Baban Zahra:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya san Amurka ya haska min wani abu. Ɗan ƙanwata yana aji biyu a Jami'ar Howard da ke Washington. Ya faɗa wa uwarsa yana son shiga wata ƙungiyar ɗalibai maza mai suna Alpha Phi Alpha, wai reshen makarantarsu ana ce masa Beta. Tun da ta ji ba ta runtsa ba. Ni ma da na ga hotunansu, baƙaƙen kaya da ruwan zinare, ga alamar hannu, ga gunkin nan na Masar mai jikin zaki a tambarinsu, sai jikina ya yi sanyi. Anya ba irin ƙungiyoyin asirin da suka addabi jami'o'in kudu ba ce?

Barista:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka wahalar da kanka da dogon bincike. Rantsuwa a ɓoye, musafaha ta musamman, bikin shiga da bare ba ya gani. Me kuma ya rage? A ce wa yaro ya riƙe karatun da aka tura shi.

Kawu Baltimore:
Barista ka yanke hukunci tun ba a kira shaidu ba. Hedikwatar ƙungiyar nan a garin da nake zaune take, Baltimore, ofis ne a bakin titi da suna a jiki. Tana da rajista, tana da shugabanni da kowa ya san fuskarsu, tana buga mujallarta mai suna Sphinx tun 1914. 'Ya'yanta har lambar mota suke sawa da haruffanta. Martin Luther King ɗanta ne. Thurgood Marshall, baƙar fata na farko da ya zama alƙalin Kotun Ƙolin Amurka a 1967, ɗanta ne. Jesse Owens da ya ci zinare 4 a gasar Olympics ta Berlin a 1936 ma haka. Amma ba zan ce maka babu abin tsoro a cikinta ba. Akwai, kuma zan zo kansa. Malam Tarihi ya fara ba mu asali tukuna.

Malam Tarihi:
To Kawu, ka tsokano ni. Alhaji ka yi haƙuri da tsawo, ba a gane ƙungiyar nan sai an san halin da aka haife ta a ciki.

A 1896 Kotun Ƙolin Amurka ta halatta wariyar launin fata a shari'ar Plessy. Bayan shekara goma, a Satumban 1906, fararen fata suka far wa baƙaƙe a Atlanta, aka yi kwanaki ana kisa. A wannan shekarar ce aka kafa Alpha, amma ba a kudu ba. A arewa ne, a Jami'ar Cornell da ke Ithaca, wani ƙaramin gari mai tsananin sanyi a jihar New York. Cornell tana karɓar baƙar fata, wannan gaskiya ne. Sai dai karɓa a aji daban, rayuwa daban. A jami'o'in Amurka na lokacin, gidajen ƙungiyoyin ɗalibai masu sunan haruffan Girka su ne komai: nan ake kwana, nan ake cin abinci, nan ake taimakon juna da karatu, nan ake ƙulla sanayyar da za ta ba ka aiki bayan ka gama. Baƙar fata kuwa ba ya shiga sai dai ta ƙofar baya. Wasu daga cikin waɗanda suka kafa Alpha ma da aikin raba abinci a irin waɗannan gidaje suke biyan kuɗin makaranta. A can suka ga yadda ake tafiyar da abin.

Abin da ya tayar musu da hankali shi ne, ɗalibai baƙaƙe 6 da suka yi zangon 1904 zuwa 1905 ba su dawo ba da aka koma. Sai wani babban ɗalibi, Charles Poindexter, ya fara tara sauran a gidan wani baƙar fata a titin North Albany, ana karatu tare, ana ɗebe wa juna kewa. Da tafiya ta yi tafiya sai kansu ya rabu. Poindexter yana son a tsaya a zauren karatu da hira wanda kowa zai iya shiga. Samarin kuma suka ce a'a, ƙungiya suke so sosai mai rantsuwa da haruffan Girka kamar ta fararen. Ranar 4 ga Disamba 1906 aka kaɗa ƙuri'a, samari suka yi rinjaye, Poindexter ya janye jikinsa. Shi ya sa wanda ya fara tara su ba ya cikin mutum 7 da ake kira waɗanda suka kafa ta.

Barista:
Alhamdulillahi. Ashe tun ranar farko akwai mai hankali a cikinsu mai irin ra'ayina. Ni ɗan Poindexter ne.

Autan Gida:
Barista ya sami ɗan'uwa a 1906 😂 Amma Malam, mutanen Afirka ne fa, me ya haɗa su da haruffan Girka?

Malam Tarihi:
Al'adar jami'o'in can ce, Auta. Ta faro daga Phi Beta Kappa a 1776 a Kwalejin William da Mary. Suna so a gan su daidai da kowa, sai suka ɗauki tsarin da aka sani. Amma alamominsu suka ɗauko daga Masar da Habasha, a zamanin da ake koya wa ɗalibi cewa Afirka ba ta taɓa gina komai ba. Gunkin da ya firgita Alhaji, Abul Haul na Giza, dalilinsa ke nan.

Kuma ku dubi abin da bakwai ɗin suka zama. Vertner Tandy shi ne baƙar fata na farko da ya sami rajistar zanen gine-gine a jihar New York, shi ya zana katafaren gidan attajira Madam C. J. Walker. George Kelley injiniya. Henry Callis likita, ya koyar a Howard, shi ne na ƙarshen rasuwa a 1974. Charles Chapman ya koyar da aikin gona a Florida. Nathaniel Murray malamin makaranta a Washington. Robert Ogle ya yi aiki da kwamitin kasafi na Majalisar Dattawa. Eugene Kinckle Jones kuma ya shugabanci National Urban League, ƙungiyar tallafa wa baƙaƙen da ke zaune a birane, fiye da shekara 20.

Kawu Baltimore:
Jones ɗin nan shi ne ya haɗa mu da tambayar Alhaji. Da a Cornell kaɗai suka tsaya da tuni an manta da su, don baƙaƙen da ke can ba su taka kara sun karya ba. Jones da Murray suka sauko Washington suka kafa reshe na biyu a Howard ranar 20 ga Disamba 1907. Shi ne Beta, harafi na biyu. Bayan kwana goma Jones ya wuce Richmond ya kafa na uku, Gamma, a Jami'ar Virginia Union. A 1908 aka buɗe wani a Toronto.

Beta ta bambanta da uwar. Howard jami'ar baƙaƙe ce, an kafa ta a 1867 bayan yaƙin basasa, aka sa mata sunan Janar Oliver Howard da ya shugabanci hukumar kula da 'yantattun bayi. A Cornell su bakwai ne a cikin teku, a Howard kuwa su ne masu gari. Shi ya sa babban taron ƙungiyar na farko ba a Ithaca aka yi shi ba, a Howard aka yi a ƙarshen Disamban 1908, aka zaɓi Moses Morrison shugaba na farko. Daga reshen nan Edward Brooke ya fito, baƙar fata na farko da jama'a suka zaɓa Majalisar Dattawa a 1966. Da David Dinkins da ya zama magajin garin New York a 1990. Da Andrew Young, jakadan Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya a zamanin shugaba Carter, wanda manyanmu za su tuna shi da yawan zuwa Nijeriya.

Barista:
To ga tambaya, Kawu. A Cornell an ce an ware su, sai suka haɗa kai. Na yarda. A Howard fa? Kowa baƙi ne. Wa ya ware su? Idan ka kafa ƙungiyar zaɓaɓɓu a cikin mutanen da duk aka ware, ai kai ne ka zama mai warewa.

Malam Tarihi:
Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma ba Barista ne farkon mai yin ta ba. A cikin shekarun 1950, E. Franklin Frazier, shugaban sashen nazarin zamantakewa a Howard ɗin kanta, ya caccaki waɗannan ƙungiyoyi da cewa sun zama dandalin nuna tufafi da liyafa na masu hannu da shuni a cikin baƙaƙe. An daɗe kuma ana zargin wasu rassa da fifita masu hasken fata da 'ya'yan likitoci da lauyoyi. Tunanin da ya raine su ma na W. E. B. Du Bois ne, cewa kashi ɗaya cikin goma na masu ilimi su za su ja sauran. Mai wannan tunani yana iya zama bawan al'umma, yana iya zama mai ɗaga hanci. An ga duka biyun.

Abin da zan ƙara wa Barista ƙarfi da shi: hukumar Howard ma ta ji tsoron da yake ji. Da ɗalibai 3 suka kafa Omega Psi Phi a ofishin malaminsu Ernest Just a Nuwamban 1911, shugaban jami'ar da majalisar malamai sun ƙi amincewa da farko, suna gudun ƙungiyar asiri. Sai da aka sha fama. Ku tuna shugabannin Howard fararen fata ne har 1926 da Mordecai Johnson ya hau.

Maman Ilham:
Malam da Kawu, kun yi ta lissafa maza kamar babu mata a Howard. Wata ɗaya bayan kafa Beta, ranar 15 ga Janairu 1908, Ethel Hedgeman da ƙawayenta suka kafa ta mata, Alpha Kappa Alpha. Saurayinta George Lyle, wanda ta aura daga baya, ɗan Beta ne, a wurinsa ta ga yadda ake yi. Ita ce ƙungiyar da Kamala Harris ta shiga a Howard a 1986. Duk wanda ya bi zaɓen 2024 ya ga mata sanye da ruwan hoda da kore a tarukanta, to su ne.

Wadda ta fi burge ni ita ce Delta Sigma Theta. 'Yan mata 22 suka ɓalle daga ta farkon a Janairun 1913 saboda suna ganin an cika shagali. Ba su yi wata biyu ba suka shiga tattakin neman 'yancin zaɓen mata a Washington ranar 3 ga Maris, alhali masu shirya tattakin ba su so a ga baƙaƙen mata a gaba ba. 'Yan makaranta ne fa. Barista a ce musu su riƙe littafi?

Barista:
Hajiya ban ce kada ɗalibi ya yi gwagwarmaya ba. Na ce me ya kawo rantsuwar duhu a ciki. Ku bari in ba ku labarin da na sani. A 1952 ɗalibai 7, su ma bakwai, a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, cikinsu har da Wole Soyinka, suka kafa Pyrates. Manufarsu kyakkyawa ce: yaƙi da ƙabilanci da kwaikwayon Turawa da girman kan 'ya'yan gata. Babu wanda ya yi niyyar zubar da jini. Bayanta aka yi ta samun wasu, Buccaneers da suka ɓalle daga ita a 1972, ga Eiye, ga Black Axe a Benin a 1977. Ina aka ƙare? Daren 10 ga Yuli 1999 aka shiga ɗakunan kwanan ɗalibai a Ife aka kashe mutum 5, har da sakataren ƙungiyar ɗalibai. Su kansu Pyrates sai da suka janye daga harabar makarantu a 1984 saboda abin ya fi ƙarfinsu. Ni a kudu na yi digirina, na san yadda ake kwana da takalmi a ƙafa. Don haka idan aka ce min bakwai ne suka fara da kyakkyawar niyya, ba ya kwantar min da hankali.

Kawu Baltimore:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. To yanzu na zo inda na ce zan zo, kuma a nan ba zan yi wa kowa kara ba.

'Yan Alpha ba sa yaƙi da 'yan Omega da bindiga. Ba sa tare malami su ce sai ya ba su maki. Ɗan siyasa ba ya hayar su ranar zaɓe. Gasarsu a filin rawa take, irin rawar nan ta buga ƙafa da tafi a jere, da zolayar juna. Manyan ƙungiyoyin baƙaƙe irin wannan 9 ne, na maza 5 na mata 4, kuma suna da majalisa ɗaya da aka kafa a Howard a 1930. Ta wannan fuska kwatancen Barista bai hau ba.

Inda ya hau shi ne wajen shiga. Shekara da shekaru, kafin a karɓe ka sai ka yi makonni ana gwada ka: a jera ku, a aske ku, a hana ku barci, a aike ku, a zane ku da katako. A 1989 wani ɗalibi ɗan shekara 18 a Kwalejin Morehouse ya mutu a wajen irin wannan gwaji na shiga Alpha. A 1990 ƙungiyoyin suka haɗu suka soke tsarin gaba ɗaya, suka ce daga yanzu takarda ce da hira da darasin tarihi. Me ya faru? Sai abin ya koma ƙarƙashin ƙasa. Yara suka fara raina wanda ya shiga ta takarda, suna ganin bai sha wuya ba, ba cikakke ba ne. A 1994 wani ya mutu a Missouri wajen shiga Kappa Alpha Psi. A farkon 2025 wani ɗalibin Jami'ar Southern a Louisiana ya mutu wajen shiga Omega, aka kama mutane. Har dokar tarayya Biden ya sa wa hannu a Disamban 2024 da ta tilasta wa jami'o'i su riƙa bayyana irin waɗannan laifuffuka.

Saboda haka Alhaji, haɗarin ba wai yaron zai zama ɗan daba ba ne. Haɗarin shi ne wasu 'yan shekara 20 su kira shi wani gida da dare su ce ya kashe waya.

Baban Zahra:
Innalillahi. Kawu ka fara sanyaya min rai, ka kuma dawo ka tayar. Yanzu me zan gaya wa uwarsa?

Kawu Baltimore:
Ka gaya mata gaskiya duka biyun. Shi kuma ka kira shi da kanka. Ka tambaye shi makinsa, don ba sa ɗaukar wanda ya faɗi ƙasa da abin da aka ƙayyade. Ka tambaye shi kuɗin shiga nawa ne kuma wa zai biya, don ba arha ba ne. Ya duba a ofishin kula da harkokin ɗalibai ko reshen yana da tsabta a wannan shekarar, ana dakatar da reshe idan ya yi laifi. Kuma ya ɗaukar maka alƙawari, ranar da aka ce ya zo wani wuri da ba ya cikin jadawalin hukuma, ya juya.

Ustaz:
Salamu alaikum. Na karanta duka. Ni ba tarihin ne ya dame ni ba, abu biyu ne. Na farko, Musulmi ba ya ɗaukar rantsuwa a kan abin da ba a nuna masa ba tukuna. Idan sai ka shiga ɗaki sannan za ka ji lafazin da za ka furta, to ka sayi abu a cikin buhu. Na biyu, na ga hotunan wasunsu da lalas a damtse, an ƙona fata da ƙarfe an zana harafi. Wannan ko dabba an hana a yi mata a fuska, balle ɗan Adam ya kai kansa. Haɗa kai don taimakon wanda aka zalunta kuwa ba laifi ba ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya halarci Hilful Fudul kafin aiko shi, ya kuma yabe shi bayan aiko shi. Amma a bainar jama'a aka ƙulla shi, kowa ya san abin da aka yi alƙawari a kai.

Kawu Baltimore:
Allah ya saka, Ustaz. Lalas ɗin an fi sanin 'yan Omega da shi, ko da yake ana samu a sauran. Ba sharaɗin shiga ba ne, uwar ƙungiya ba ta umarta da shi, masu so ne ke yi bayan sun shiga. Maganar rantsuwa kuma fagenku ne. Abin da na sani shi ne yawancinsu Kiristoci ne, ana buɗe taro da addu'a irin tasu, kuma akwai Musulmi a ciki. Akwai ma limaman coci da ke hana mabiyansu shiga, da hujja kusan irin taka.

Malam Tarihi:
Ina so in koma kan maganar Barista, don ita ce ƙashin bayan muhawarar nan. Me ya sa bakwai na Ithaca da bakwai na Ibadan suka ƙare a wurare daban?

A ganina amsar tana birnin Louisville na jihar Kentucky. A 1911, ƙungiyar tana da shekara 5 kacal, aka buɗe reshen farko na waɗanda suka gama makaranta a can. Daga nan ta daina zama abin yara. Mutum yana shiga yana ɗan 19, yana nan yana biyan kuɗin shekara har ya yi jika. Likitoci da alƙalai da shugabannin makarantu su ke riƙe da asusu da hatimi, su ke da ikon rufe reshen ɗalibai. Wanda ya san yadda tsofaffin ɗaliban Barewa suke riƙe da junansu da makarantarsu zai gane abin da nake nufi, sai dai a can tsofaffin ne ke mulkin na cikin makaranta kai tsaye. A wajenmu, da Pyrates ta fara rarrabuwa, kowane ɓangare yara ne ke jagorantar yara, ga mulkin soja, ga masu neman 'yan bangar da za su murƙushe ƙungiyar ɗalibai.

Na biyu, suna da abokin gaba na gaske a waje, sai ƙarfinsu ya tafi can. Wajen 1920 suka fara gangamin shiga coci-coci da makarantu suna roƙon iyaye su bar yara su gama sakandare su wuce jami'a. A shekarun 1930 suka koma kan rajistar zaɓe, lokacin da jihohin kudu ke hana baƙar fata ƙuri'a da harajin kai da jarrabawar karatu. A 1935 kuma ga shari'ar Donald Murray, wanda Jami'ar Maryland ta hana shiga sashen lauya saboda fatarsa. Lauyan Alpha, Belford Lawson, shi ya fara ɗaukar maganar. Waɗanda suka tsaya a kotu, Charles Houston na sashen shari'a na Howard da ɗalibinsa Thurgood Marshall, duk 'yan Alpha ne. Suka yi nasara, kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta tabbatar a Janairun 1936. Wannan hanya ce ta kai ga hukuncin Brown na 1954 da ya rushe wariya a makarantun gwamnati.

Barista:
Malam, a nan fagena ne. Houston da Marshall a matsayin lauyoyin NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen Amurka, suka tsaya a shari'ar Murray, ba a matsayin 'yan Alpha ba. Kada a ba kaza ladan kare gida don tana kwana a tsakar gidan. Haka King. A 1952 ya shiga, yana karatun digirin dakta a Boston, ya riga ya zama limamin coci. Cocin Baptis ne ya gina shi. Ƙungiyoyin nan suna da wayo, suna ɗaukar wanda ya riga ya nuna alamar zai yi fice, in ya yi su ce namu ne. Du Bois ma ai ba a ɗalibi ya shiga ba, karramawa aka yi masa.

Malam Tarihi:
Gaskiya ne a kan NAACP, har ma an ɗan yi tsamin dangantaka tsakaninsu da Lawson a kan wa zai riƙe shari'ar. Amma Marshall tun yana ɗalibi a Jami'ar Lincoln ya shiga, a 1926, lokacin an fi saninsa da tsokana fiye da karatu. Kuma ga wadda ba ta da gardama: shari'ar Henderson ta 1950 a kan ware baƙaƙe a taragon cin abinci na jirgin ƙasa. Lawson ne ya tsaya gaban Kotun Ƙoli yana shugaban Alpha, ƙungiyar ce ta ɗauki nauyi, kuma suka ci.

Ɗan Zungeru:
Ina ta jira wani ya ambaci namu. Nnamdi Azikiwe, wanda aka haifa a garinmu a 1904, da Hausa ya fara magana, ya yi karatu a Howard kafin ya koma Lincoln. Ɗan Phi Beta Sigma ne, wadda ita ma a Howard aka kafa ta a 1914. Kwame Nkrumah ma ita ya shiga a Lincoln. Ke nan shugaban Nijeriya na farko da na Gana na farko 'yan ƙungiya ɗaya ne. Kuma da aka rantsar da Zik gwamna janar a Legas a Nuwamban 1960, King yana cikin baƙin da aka gayyato.

Autan Gida:
Wato Zik ma ya yi rawar buga ƙafa? 😂

Kawu Baltimore:
Rawar a yadda ake yin ta yanzu ta zo ne bayan zamaninsu, Auta, ka bar dattijo ya huta.

Maman Ilham:
Tambaya Kawu. Farar fata yana iya shiga?

Kawu Baltimore:
Yana iya, Hajiya. Tun shekarun 1940 suka cire sharaɗin launi daga tsarin mulkinsu, a 1946 suka karɓi wani farar fata ɗalibin likitan haƙori a Chicago. Da yawa daga ƙungiyoyin fararen ba su cire nasu ba sai shekaru bayan haka. Har Hubert Humphrey, mataimakin shugaban ƙasa, an karrama shi da zama ɗan Alpha.

Barista:
To shi mutum-mutumin King da ke Washington da ake cewa su suka gina, da kuɗin wa?

Malam Tarihi:
Su suka yi ta bibiyar maganar tun shekarun 1980, har Majalisa ta ba ƙungiyar izini da sunanta a 1996, Clinton ya sa hannu. Kuɗin kusan dala miliyan 120 ne, kuma mafi yawansa daga kamfanoni da gidauniyoyi da gudummawar jama'a ya fito, ba daga aljihunsu kaɗai ba. An buɗe wa jama'a a Agustan 2011, guguwar Irene ta sa aka ɗage bikin zuwa 16 ga Oktoba, Obama ya yi jawabi. Adireshin wurin lamba 1964 ne a titin Independence, don tunawa da shekarar dokar 'yancin jama'a.

Autan Gida:
Na ji an ce ɗan Chaina ne ya sassaƙa shi. Duk baƙaƙen masu sassaƙa na Amurka?

Malam Tarihi:
Lei Yixin sunansa, daga Changsha. Dutsen ma daga Chaina aka yi jigilarsa. An yi surutu sosai, masu sassaƙa baƙaƙe da ƙungiyar magina duk sun yi ƙorafi. Bayan an buɗe kuma sai wata rigimar ta taso a kan wata jimlar King da aka gutsure aka rubuta a gefen dutsen, mutane suka ce ta mai da shi mai yabon kansa. A 2013 aka dawo da Lei ya goge ta.

Barista:
Shekara kusan 30 ana shiri, ga farfesoshi cike da ƙungiya, babu wanda ya karanta jimlar kafin a sassaƙa?

Maman Ilham:
Duk maza ne a ƙungiyar, Barista.